Haɓar Tsoho Amelung

Saura kwana uku bikin Martin, bikin coci na farkon hunturu. Garin Arnsrode ya cika da kukan agwagin da aka turke don yanka, kowane lungu sai ƙanshin gasasshen tuffa, amma Regine ba ta ma san ana yi ba. Hankalinta yana kan wata takarda da ke aljihun rigarta, wadda ta ninke ta buɗe, ta ninke ta buɗe, har tsakiyarta ta fara rabewa. Layin ƙarshe, inda ake sa hannu, har yanzu fari fat yake.

Dokar kuwa kowa ya san ta. Baƙo wata shida gare shi a gari. In suka cika, sai wani magidanci ɗan gari ya sa hannu cewa ya san halinsa, ya kuma tsaya masa. In ba a samu ba, a ɗora shi a keken doki a mayar da shi ƙauyen da aka yanke masa cibiya. Watannin Regine ranar Martin za su cika, da ƙarfe goma sha biyun rana.

Da ita kaɗai ce, ai da tuni ta ɗaure kayanta, don ta saba da hanya. Shekara goma sha ɗaya suka yi da mijinta Kaspar suna bin kasuwanni suna yankan inuwa: ka zauna, su kalli gefen fuskarka, su fitar da kai a baƙar takarda da almakashi tun ba ka gaji da zama ba. To amma zazzaɓi ya ɗauke Kaspar a garin nan cikin watan Mayu, ya bar mata uwarsa, Inna Traudel, wadda ƙafafunta suka mutu tun lokacin girbi, ƙirjinta kuma yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ƙauyensu yana bayan daji, tafiyar kwana huɗu a keken da ba rufi, ga dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan tuddai. Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce tsohuwar ba za ta kai kwana na biyu a hanya ba.

Ta je wa mai gasa burodin da suke zaune a saman shagonsa, ya goge hannu a riga ya ce matarsa ba za ta yarda ba. Ta je wa matar, ta ce ai wannan maganar maza ce. Fasto kuma ya tafi taron coci a babban birni, sai bayan biki.

"Ki daina zagaye ɗakin nan kamar kaza mai neman wurin ƙwai," in ji Inna Traudel daga kan gado. "Kina sa ni jiri."

"Inna, saura kwana uku."

"Na iya ƙirge, 'yar nan. Ƙafa ce ta mutu, ba kai ba. In sun zo ki ce su ɗauke ni da gadon, dama ban taɓa hawa keken hukuma ba."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Regine ta tallafe ta tana shafa mata baya, tana jin ƙasusuwan a tafin hannunta ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da hantsi, tana zaune a ɗan teburinta na bakin kasuwa ba ko mai tsayawa, sai ga wata doguwar dattijuwa cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a kanta. Regine ta miƙe da sauri, don ba wanda bai san Gundula Amelung ba. Ita ce ƙanwar Lebrecht Amelung, tsohon marubucin nan na gida mai koriyar ƙofa, wanda ɗalibai ke takowa a ƙafa daga nesa don kawai su cire masa hula ya rubuta musu layi biyu a littafinsu na tunawa. Maganganunsa a kan zaman duniya da sana'a da halin ɗan Adam har a jikin kofuna ake rubuta su. Gundula ba ta taɓa aure ba. Shekara arba'in ke nan tana riƙe masa gida, ita ce ƙofarsa, ita ce mukullinsa.

"Ke ce mai almakashin? An ce kina neman mai sa miki hannu."

"Ashe har ya kai gare ki, ranki ya daɗe."

"Garin ƙarami ne." Ta buɗe jakarta ta fito da wani hoton inuwa a cikin ɗan gilashi. Mutum ne mai faɗin goshi, hanci a miƙe, haɓa ta fito gaba kamar dutsen bakin kogi. "Yayana ke nan, shekara talatin da suka wuce. Za a buga littafinsa na ƙarshe, mai bugawa yana son sabon hoto a shafin farko. Sabo nake so, amma wannan. Kin gane?"

Regine ta kalli hoton, ta ɗago ta kalli dattijuwar.

"Haƙoransa sun zube," in ji Gundula, ta rage murya. "Kin san yadda mutanen yanzu suke. Da ma'auni suke karanta hoto, su auna goshi su ce ga hankali, su auna haɓa su ce ga ƙarfin zuciya. Ba zan bari yaran da ko gemu ba su tsirar ba su ɗora masa ma'auni su ce zuciyarsa ta mutu ba. Ki sunkuyar da kafaɗa kaɗan, ki rage gashi, ban hana ba. Baki da haɓa kuwa, na da nake so. In ya yi, ni zan ajiye masa takardarki, duk abin da na sa a gabansa sa hannu yake yi. In bai yi ba, ban san ki ba. Ki zo ranar Martin ƙarfe tara, sai ranar yake da sarari."

Ta bar mata hoton aro, ta juya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kaspar, Allah ya ji ƙansa, da fensir yake fara zanawa a bayan takarda, shi ya sa yakan rage wa matan attajirai hanci, ya ƙara wa mazansu wuya, kowa ya tafi yana murna. Regine ba ta taɓa iya fensir ba. Ita idonta a kan fuskar mutum yake tsayawa, ba ta kallon takarda ko sau ɗaya. Hannun dama na riƙe da almakashi yana buɗewa yana rufewa a wuri guda, na hagu yana juya takardar, abin da ido ya bi shi hannu ke bi. Yau ga shi an ce ta yanka abin da ba ya gabanta.

Kwana biyu ta yi a bakin taga tana koyon haɓar nan. Ta yanka, ta yar, ta yanka, ta yar, har ƙasan ɗakin ya yi baƙi da guntayen takarda.

"Nuna min," in ji Inna. Ta ɗaga shi nesa da ido ta ƙura masa. "Wannan kam in ya ce ka zauna, zama za ka yi. Ya yi mana. Me kuma kike nema?"

"Ba rai a jikinsa, Inna."

"Takarda ce, wane irin rai? Mijinki sau nawa ya yi wa mummuna kyau, ƙasa ta tsage? Ki ba tsohon nan haɓarsa ki dawo mu sha romo." Sannan ta ce, ba wasa a muryarta, "Ni dai ba na son in mutu a keke, Regine. Ko'ina ne ban damu ba, ban da keke."

Ranar Martin ta waye da hazo mai sanyi. Regine ta isa koriyar ƙofa tun ƙarfe tara saura, aka bar ta a zaure tana jin agogon bango yana cin lokacinta. Sai da goma ta gota Gundula ta sauko ta ce ta hau.

Ɗakin cike yake da littattafai da duwatsu iri-iri da busassun ganyaye a cikin gilashi, murhu yana ci a kusurwa. An zaunar da tsohon a gefen taga yadda haske zai fitar da gefen fuskarsa. Ƙaramin mutum ne ashe, rigar ta yi masa yawa. Kumatunsa kuwa a cike suke tam, wani irin cika da bai dace da sauran jikin ba, sai da Regine ta matso ta gane dalili: Gundula ta cusa masa toshiyar kwalba guda biyu a baki, ɗaya kowane kunci, don bakin ya taso. Bai iya magana ba. Ya ɗaga mata gira kawai a madadin gaisuwa, idanunsa suna ruwa.

"Fara," in ji Gundula, ta tsaya a bayanta har Regine na jin numfashinta a ƙeya.

Kullum daga ƙirji take farawa ta hau sama. Yau daga ƙeya ta fara, don ta jinkirta isa inda take tsoro. Ta hau bayan kai, ta bi 'yan silin gashin da suka rage, ta gangaro goshi, ta bi hanci. Duk wannan nasa ne, hannunta yana tafiya sumul. Da ta kai ƙarshen hanci sai ta sauke ido daga fuskarsa ta mayar kan takarda, abin da ba ta taɓa yi a gaban mai zama ba, ta yanka leɓen da ta haddace, ta fitar da haɓar da ta kwana biyu tana koyo. Hannunta yana rawa, amma almakashin bai kuskure ba.

Gundula ta karɓa ta ɗora a kan farar takarda, ta kalla, ta sauke ajiyar zuciya. "Madalla. Yaya, ga ka nan."

Tsohon ya tofar da toshiyoyin a tafin hannunsa. Nan take fuskar ta rushe: leɓɓa suka faɗa ciki, haɓa ta tasam ma hanci, fatar wuya ta saki.

"Tun ƙarfe takwas nake cin toshiya, ko ɗigon abin da ke kwalbar ba a ba ni ba," in ji shi. Ya sa tabarau ya duba hoton. "Kai, kyakkyawan mutum. Na san shi da can. Ya cika son a yabe shi, amma ba laifi."

Gundula ta miƙa wa Regine hannu, Regine ta ba ta takardar zaman, Gundula kuma ta shimfiɗa ta a gaban tsohon ta tsoma masa alƙalami a tawada. "Sa hannu nan, Yaya."

Ya karɓi alƙalamin. Har ya kai shi bakin layin, sai ya tsaya. Regine ta ga idonsa ya hau saman takardar yana bin rubutun a hankali, leɓɓansa suna motsi.

"Yau kuma karatu ya tashi?" in ji Gundula. "Takardar zama ce kawai, surukarta ba ta da lafiya."

"Takardar ta ce na san halin mai wannan suna." Ya ajiye alƙalamin. "Ban sani ba, Gundula. Takardun itacen wuta da na haya ki kawo in sa hannu ido rufe, amma wannan shaida ce a kan mutum. Abin da na sani game da matar nan ɗaya ne: an zaunar da ita a gabana, ta yanka wani da ba ya ɗakin nan."

"Ni na sa ta!"

"Na sani. To sai in rubuta cewa tana yin abin da aka sa ta. Wannan ba shi suka tambaya ba." Ya juyo ga Regine, ba faɗa a fuskarsa. "Kada ki ji haushina, 'yata. Ki zo mako mai zuwa mu yi hira, in san ki, sai in sa."

Agogon cocin kasuwa ya buga sha ɗaya. Regine ta ƙirga bugun har ya ƙare. A zuciyarta ta ga keken, ta ga Inna a cikin ciyawa an lulluɓe ta da bargo ɗaya. Roƙo ya zo mata baki, ta san ba zai yi aiki a kan wannan tsohon ba.

"Babu mako mai zuwa, ranka ya daɗe. Sha biyun yau ne." Ta zaro sabuwar baƙar takarda daga jaka. "Juya ka kalli taga."

"Ke, ba ki da hankali?" in ji Gundula. "Ajiye almakashin nan!"

"Ɗaga kai kaɗan. Haka. Kada ka haɗe baki, bar shi yadda yake."

Tsohon ya yi mamaki, amma ya juya. Wa ya sani, ko an daɗe ba a ba shi umarni irin wannan ba.

Daga ƙirji ta fara. Ba ta ƙara jin Gundula ba, ko da yake tana ta magana. Ta hau ƙullin ƙyallen wuya, ta bi fatar da ta saki ninki biyu, ta zagaya haɓar da ta lanƙwasa sama, ta shiga ramin bakin ta fito, ta kama hanci. A nan ta ga abin da toshiya ta ɓoye ɗazu: wata 'yar lanƙwasa a gefen leɓen sama, ta mutumin da ke riƙe dariya ko riƙe kuka, ba ka iya cewa wanne. Ta yanka ta yadda take. Goshi, gashi, ƙeya, guntun takarda ya faɗi ƙasa. Ta ɗora a kan farar takarda ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo. Murhu yana ƙara, a waje wani yana jan keke. Regine ta ga hannunsa ya tashi ya taɓa haɓarsa, ya sauka. Fara'ar da ke fuskarsa ɗazu ta tafi gaba ɗaya.

"Haka nake?"

Gundula ta kau da kai.

"Gundula, tambayarki nake. Shi ya sa kika kwashe madubai kika ce suna jawo sanyi?"

Gundula ta matso a fusace za ta fisge hoton, ta leƙa, sai hannunta ya tsaya a sama. "Baba ne," ta ce a hankali. "Baba ne sak, shekarar da ya rasu." Ta nemi kujera ta zauna, ta rufe baki da ƙyalle.

Regine ta saci kallon taga. Daga nan ana hango agogon coci. Sha ɗaya da rabi ta wuce.

"Shekara hamsin," in ji tsohon, kamar da hoton yake magana, "ina gaya wa matasa su fara kallon abu yadda yake kafin su buɗe baki su ce yadda ya kamata ya zama. Na rubuta shi ta hanya ta kai ashirin, suna kwafa suna ratayewa a bango. Ashe a kan itatuwa da duwatsu da fuskokin wasu nake nufi." Ya kife hoton a kan tebur, ya sake buɗe shi. "Kin ji min ciwo, 'yata."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Gaya min, na farkon da na biyun, wanne ya fi miki wuya?"

"Na farkon. Kwana biyu na yi ina koyonsa."

"Don me kika yi shi?"

"Inna ta ce ba ta son ta mutu a keke."

"Na biyun fa?"

Ta rasa amsar da ta dace da babban mutum, sai ta faɗi wadda take da ita. "Ka ce ba ka san ni ba. Ni kuma ba ni da wani abin nunawa sai shi."

Ya gyaɗa kai. Ya jera hotunan biyu gefe da gefe, ya tura na farkon wajen ƙanwarsa. "Wannan za a kai wa mai bugawa."

Gundula ta ɗago, Regine ma ta ɗago.

"Kada ku kalle ni haka. Na ce ya cika son a yabe shi, ban ce ya daina ba. Ba zan iya tsayawa a shafin farko da wannan bakin ba, ba ni da ƙarfin zuciyar, ma'aunin yaran nan da ya faɗi gaskiya." Ya jawo na biyun gabansa. "Wannan kuwa nan zai zauna inda nake rubutu. Ƙila in rage wa'azi."

Ya ɗauki alƙalamin, tawadar ta bushe. Ya tsoma, ya karkaɗe, ya gyara tabarau, duk a hankali irin na tsofaffi, Regine kuwa kamar ta kama hannun ta ja. Ya rubuta sunansa cikakke, harafi bayan harafi. Bai tsaya nan ba, ya fara ƙara wani layi a ƙasa.

"Yaya, lokaci!" in ji Gundula, ita da kanta. "Ba littafi aka ce ka rubuta ba!"

"Sun tambaye ni abin da na sani, shi nake rubutawa. Na ga ta yi ƙarya don tsohuwa, hannunta na rawa. Na ga ta yi gaskiya, hannun bai yi rawa ba. Mutane da yawa na sa wa hannu ban san rabin wannan a kansu ba."

"Kada ka sa maganar ƙarya a takardar hukuma!"

"To, ba zan sa rabin farkon ba."

Gundula ta fisge takardar tun bai ɗaga alƙalami sosai ba, ta barbaɗa mata yashi don tawadar ta bushe, ta hure, ta danƙa wa Regine. "Bi ta lungun masu jima, ya fi kusa. Gudu, mana, me kike kallo?"

Regine ta tattare riga ta sauka matakalar bibbiyu. Ta bi lungun, ta zame a kan danshin duwatsu ta tashi, ta kutsa cikin taron masu biki ba ta ba kowa haƙuri ba. Da ta hau matakalar ofishin gari, akawun har ya sa hula yana neman mukulli.

"An tashi, baiwar Allah. Sai jibi."

"Agogo bai buga ba."

Ya kasa kunne. Bai buga ba kuwa. Ya yi tsaki, ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya duba ƙasa. Sai ya cire hular, ya koma ya zauna, ya karanta layin da tsohon ya ƙara har sau biyu, ya ɗago ya kalle ta ya sake kallon takardar.

"Ku nawa ne?"

"Biyu. Ni da surukata."

"Sunanta?"

Ta faɗa tana haki. Ya ce ta maimaita. Tana maimaitawa ya ɗaga hatimi ya buga, a daidai lokacin agogon coci ya fara nasa bugun, Regine kuwa ta karɓi takardar ta ninke, ta nufi gida wajen Inna.